Kifayen Bogi na Malam Nazeer

Duk wanda ya zauna a dogon benen nan mai falat shida da ke bayan tashar Jabi a shekarar 2008 ya san Malam Nazeer. Wanda bai gan shi ba ma ya ji shi. Idan yana waya a hawa na biyu, mai gadi da ke bakin ƙofa yakan amsa da "na'am". Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mataki na goma sha biyu, kuma a faɗarsa babu takardar da ke isa teburin minista ba ta bi ta hannunsa ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya cika gari, kowane ofis yana tura mutanensa kwas ƙasar waje. Har masinjan sashensu an taɓa tafiya da shi Dubai riƙon jaka, ya dawo da agogo mai ƙararrawa. Malam Nazeer kaɗai ne fasfo ɗinsa ke nan fari fat, ba tambari ko ɗaya, abin kuma yana cin sa a rai.

Sai ga takarda ta iso sashensu. Ana neman jami'i ɗaya ya tafi Malesiya kwas na mako uku kan kiwon kifin ado. Mutum biyu ne suka cancanta: shi da Hanif, abokin aikinsa, wanda kuma yake zaune a falat ɗin da ke ƙarƙashin nasa. Daraktarsu, Madam Christina, ta kira su ta tambaya ko cikinsu akwai wanda ya san wani abu game da kifi.

Hanif ya ce, "Ma, ni dai na san shi da yaji da albasa."

Malam Nazeer ya gyara hula. "Ranki ya daɗe, ni kiwonsa nake yi a gida. Ba jajayen nan da ake ajiyewa a asibitin yara ba. Nawa daga rafukan duwatsun Asiya aka kawo su. Duk Abuja mu biyu ne muke da su, ni da wani jakada. Nasa ma sun mutu."

Madam Christina ta dube shi ta saman tabarau. Shekararta talatin tana aikin gwamnati, ta ji iri-iri. "To, Nazeer, ka kawo hoton shi. Ni ba na aiki da baki. Abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Ƙarshen wata zan rubuta suna."

Maganar kiwon ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Gigin lokaci kawai aka samu, domin daga ofis kai tsaye ya wuce Wuse, shagon wata mai sayar da kifin ado da ake kira Madam Lucia. A can ya taɓa ganin kifayen wata rana da ya shiga fakewa ruwan sama.

Madam Lucia ta ce, "Oga, wannan kifi tana da kunya. Ka ɗauki ja. Ja tana son mutane."

"Na riga na ce ba ja ba."

Ta kama masa guda shida. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, shafaffe kamar mota ta taka shi, da fukafukai a baje gefe da gefe, bayansa da zane mai ruwan zinariya. Ba sa yawo a tsakiyar ruwa kamar sauran kifaye. Maƙalewa suke yi a jikin duk abin da yake da santsi, dutse ko gilashi, kuma idan sun maƙale sai ka sa farce. Ta haɗa masa da tankin gilashi, da famfon da ke hura ruwa da ƙarfi kamar rafi, da fararen yashi, da duwatsu goma sha biyu da gansakuka ta rufe su kore shar. Ta ce ruwan ya zama da sanyi, kada a wanke duwatsun, kada a yi hayaniya. Bai ji sosai ba, saboda a lokacin yana yi mata bayanin yadda ake kiwon kifi.

A falo aka kafa tankin. Aka zuba kifayen, kafin ya ce "masha Allah" duk sun sulale ƙarƙashin duwatsu.

Tun daga ranar gidan ya koma hannunsu. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya mutuwa. Idan an ɗauke wuta, janareta ba ta iya ɗaukar esi da famfo da firij gaba ɗaya, saboda haka firij aka cire. Matarsa Maimunat, malamar firamare, ta rabar da naman miyarta ga maƙwabta. Ta tashi a gidan da ba a ɗaga murya, kuma ƙawayenta sun ce surutun nan nasa ne ma ya sa ta aure shi. Takan dawo daga makaranta ƙarfe biyu, ta zauna kusa da tankin da mayafi a kafaɗa saboda sanyi, tana duba littattafan ɗalibai.

"Abban Ikhlas, yau huɗu sun fito," ta ce masa ran nan da ya shigo. Da sunan 'yarsu da ke makarantar kwana a Bwari take kiransa. "Ɗaya ya maƙale a gilashi, har bugun zuciyarsa nake gani."

"INA?"

Ya jefar da jaka, ya tako da ƙarfi har ruwan ya girgiza. Duwatsu kawai ya tarar.

"Ka zauna shiru minti goma, za su fito."

Ya jawo kujera ya zauna, wayarsa a hannu a shirye. Bayan minti ɗaya ya ce, "Kin ga na yi shiru." Bayan minti biyu ya ƙwanƙwasa gilashin da zobe, wai ya sanar da su cewa ya yi shiru. A minti na uku wayar ta yi ƙara, ya shiga faɗa wa wani ɗan uwansa a Gwagwalada cewa ba zai samu zuwa suna ba, yana shirin Malesiya.

Duk da haka ya ɗauki hotuna goma sha ɗaya. Washegari a mota, suna hanyar ofis, ya miƙa wa Hanif wayar. "Duba kusurwar hagu. Ka ga wutsiya?"

Hanif ya daɗe yana kallo. Gilashin ya dawo da hasken fitila, abin da ya fito shi ne tumbin mai ɗaukar hoton.

"Kai, wannan ƙaton kifi ne. Har da singileti."

"Hassada ce ke damunka."

"Wallahi a'a. Irin wannan ai ko jakada ba shi da shi."

Malam Nazeer ya yanke shawarar cewa laifin waya ne. Ranar Laraba ya ɗauko Murtala mai hoto, wanda ke tsayawa a ƙofar ɗakunan taro yana ɗaukar manya ba su sani ba, kafin a tashi ya wanko ya bi su da shi har mota. Murtala ya zo da kyamara mai dogon baki, da fitilu biyu masu lema, da jan ƙyalle da fari.

"Oga, na fayil ne? Jan baya ko farin baya?"

"Kifi ne, Murtala."

"Ko kifi ne, idan na fayil ne sai da baya." Ya rataya farin ƙyallen a bayan tankin, ya kunna fitilu, falon ya yi haske kamar ɗakin tiyata. Ya durƙusa ya leƙa. "To, a ce su ɗan matso gaba. Gajeru a gaba, dogaye a baya."

Maimunat daga ƙofar kicin ta ce, "Malam Murtala, ba sa son haske."

"Hajiya, ba wanda ba ya son haske. Na ɗauki sanatoci. Duk da haka suke farawa."

Ya yi fito, ya tafa hannu, ya kira su da "Yallaɓai". Ya harba filasha sau arba'in. Da yamma ya dawo da hotuna arba'in na duwatsu, kowanne ya fito raɗau. Ganin fuskar Malam Nazeer ya sa ya zaro na arba'in da ɗaya daga aljihu.

"Wannan na biya da shi wajen masu kwamfuta. Kyauta ce."

Tankin ne, da duwatsun, a tsakiya kuma ga wata tarwaɗa mai gashin baki, ta fi tankin tsawo, wutsiyarta ta fito har kan labule.

Malam Nazeer ya riƙe hoton da nisa, ya karkata kai. "Idan aka ɗan rage ta..."

Maimunat ta zare hoton daga hannunsa ta sa ƙarƙashin littattafanta. "Idan ka kai wannan ofis, ni kaina ba zan iya fita unguwa ba."

Sai ya koma ga dabarar da ya fi sani. "Na gane matsalarsu. Suna samun albashi ba tare da sun zo aiki ba. Daga yau an tsayar da abinci. Duk wanda yake so ya fito a gan shi."

"Gansakukar duwatsun suke ci, Abban Ikhlas. Ni ban taɓa ganin sun kula abincinka ba."

"Wato suna da wata hanyar samu a gefe."

"Kamar kowa."

Kwana huɗu ba a zuba abinci ba, ba wanda ya fito neman sulhu. Kuskuren da ya yi shi ne ba Hanif labarin wannan mataki. Kafin azahar duk sashen ya ji cewa Malam Nazeer yana da ma'aikatan bogi guda shida a gida: suna cikin lissafi, suna shan esi, amma ba wanda ya taɓa ganinsu a bakin aiki. Mai shara ta gaishe shi da, "Oga, yaya 'yan bogi?" Mai gadin gida ya tambaya ko akwai gurbin mutum na bakwai, yana da ƙane. Wata maƙwabciya ta aiko a tambayi Maman Ikhlas ko gaskiya ne mijinta ya sayi ruwa da duwatsu yana yi musu fifita.

Maganar ta kai kunnen Madam Christina. Ranar Alhamis ta tsayar da shi a kan matakala.

"Nazeer, ina hoto?"

"Ranki ya daɗe, ana kan wankewa."

"Sati uku? Hoton nan ta yi datti da yawa. Ka ji, ran Asabar ina da biki a Utako, zan biyo gidanka ƙarfe sha biyu. Zan yi tantancewa. Kowa ya bayyana da kansa. Idan babu kifi, Litinin na rubuta Hanif."

Wani da tsoro zai ji. Malam Nazeer girma ya ji. Darakta guda za ta taka gidansa, ai wannan ba ziyara ba ce, ƙaddamarwa ce. Ya yi hayar kujeru talatin. Ya sayo koren zare mai faɗi da sabon almakashi. Ya gayyaci duk gidan, da limamin masallacinsu, da Murtala. Ya buga takardar tsarin taro, da addu'ar buɗewa da jawabin maraba da jawabin godiya, biyun ƙarshe duk nasa.

Saura matsala ɗaya, ita ma ya warware ta a ransa bai gaya wa kowa ba. Ran Asabar da hantsi ya aiki Maimunat Wuse ta karɓo sambusa da naman da ya sa a soya. Tana fita ya naɗe hannun riga ya tsaya gaban tankin.

"A Abuja kuke," ya ce musu. "Nan duk wanda ya yi zama ba izini, rusau ake yi masa. Na ba ku wa'adi kun ƙi. Yau ba mafaka."

Kuma ko ba don haka ba, a ganinsa ba a nuna wa babban baƙo dutse mai gansakuka. A ofis idan minista zai zo, har bishiyoyi ake yi wa farin fenti.

Ya jawo babban bahon wanki, ya kwashe rabin ruwan tankin a ciki don hannunsa ya kai ƙasa. Ya shiga ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana tsoma su a bahon, da niyyar a kankare su daga baya. Yashi ya tashi, ruwan ya turɓune. Wayarsa kuma tana maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana faɗa da mai kujeru a kan an kawo masa farare maimakon shuɗaye. Bai juya dutse ko ɗaya ya dubi ƙarƙashinsa ba. Kifayen kuwa abin da suka iya suka yi, suka ƙara maƙalewa. Duk shida suka bi gidajensu zuwa cikin baho.

Ya ja bahon zuwa lungun kicin. Ya cika tankin da sabon ruwa, ya goge gilashin da jarida, ya lulluɓe shi da farin zanen gado don ruwan ya kwanta kafin a buɗe. Sannan ya shiga wanka yana rera waƙa.

Ƙarfe sha ɗaya aka ɗauke wuta. Mariya matar Hanif, wadda Maimunat ta roƙa ta kula mata da lemo, ta hawo ta tarar da kwalabe sun yi ɗumi kamar shayi, firij kuma a cire. Tana juyawa ta ga baho cike da ruwa. Ta tsoma hannu ta ji sanyi har ƙashi, ruwan da ya sha esi mako uku.

"Allah ya yi wa Maman Ikhlas albarka, har ta tanada," ta ce. Ta jera kwalabe ashirin da huɗu a tsakanin duwatsun.

Sha biyu da kwata Madam Christina ta iso cikin leshi da ɗankwalin biki mai tsawo, har sai da ta sunkuya a ƙofa. Falon ya cika, mutane sun yi layi har kan matakala. Maimunat ce kaɗai ba ta dawo ba, an tare hanya a Mabushi saboda ayarin wani babba zai wuce.

Liman ya yi addu'a. Malam Nazeer ya miƙe cikin babbar riga shuɗiya, takarda a hannu.

"Mai girma Darakta, uwa ga wannan sashe, mai girma liman, shugaban masu haya a wannan gida, manyan baƙi, 'yan jarida..."

Murtala ya ɗaga hannu, shi ne 'yan jaridar.

"Tarihin kiwon kifi a Najeriya ya kasu kashi biyu: kafin yau, da bayan yau."

"Nazeer," in ji Madam Christina, "amarya tana jirana. Ina almakashi?"

Ta yanka zaren. Aka tafa. Malam Nazeer ya kama gefen zanen gadon, ya dubi jama'a, ya fizge.

Ruwan ya kwanta garau, ba a taɓa ganin ruwa mai kyau irinsa a Jabi ba. Ga farin yashi a shimfiɗe, ga famfo yana hurawa. Daga wannan bango zuwa wancan ana hango agogon da ke jikin garu. Babu ko sauro a ciki.

Jama'a suka miƙa wuya suna leƙe.

Liman ya matso ya leƙa ta sama, ya leƙa ta gefe, ya ce, "Masha Allah, ruwa."

Hanif ya karɓi takardar tsarin taron ya juya bayanta kamar rajista. "Lamba ɗaya? Ba ya nan. Lamba biyu? Ya je banki. Lamba uku?"

"Ya raka lamba biyu!" wani ya amsa daga matakala.

"Suna nan!" in ji Malam Nazeer. "Launinsu ne ya saje da yashi. Ilimi ne, ba kowa zai gane ba."

Ya tsoma hannu har gwiwar hannu yana tona yashin. Ya tsoma ɗayan. Hannun babbar rigar ya zame ya faɗa ciki, bakin famfon ya zuƙe shi. Da ya fizgo, famfon ya juyo sama ya feso masa ruwa a fuska, hularsa ta faɗa tankin tana yawo.

"To ga ɗaya ya fito," in ji Hanif. "Mai zane ne kuwa."

Malam Nazeer ya juyo ruwa na zuba daga gemunsa. "Kai ne! Kai ka shigo ka kwashe su! Ranki ya daɗe, a bincika kicin ɗinsa. Da bakinsa ya ce yaji da albasa!"

"Ni? Kifi kamar ɗan yatsa? Ko man suyar ba zai mayar ba."

"Kun ji ko? Yaya aka yi ya san girmansu?"

"Kai ka faɗa mini, sau ɗari, a motarka!"

Madam Christina ta duba agogo, ta buɗe jaka ta ciro biro. Mariya ta ga abin zai zama rigima tsakanin mijinta da mai gida, ta ruga kicin ta ciko faranti da lemo. "A sha ruwa, a sha ruwa, zuciya ta yi sanyi." Ta fara miƙa wa Darakta, a buɗe, yana naso.

Madam Christina ta karɓa ta kai baki. Ta ji wani abu mai laushi yana motsi ƙarƙashin babban yatsanta. Ta sauke ido. Daga jikin kwalbar, dab da hancinta, wasu ƙananan idanu biyu suna kallonta.

"YESU!"

Murtala bai san abin da ya faru ba, amma shekara goma sha biyar sun koya masa cewa idan babba ya buɗe baki a danna. Filasha ta haska.

A daidai lokacin Maimunat ta kutso da kwalin sambusa. Kallo ɗaya ta yi wa tankin, ɗaya ga kwalbar. Ta dire kwalin a cinyar liman, ta zare kwalbar daga hannun Darakta, ta toshe bakin kwalbar da yatsa ta tsoma ta cikin ruwan tankin. Ɗan kifin ya saki, ya sulale ya maƙale a gilashin gaba, fukafukansa a baje, a gaban kowa.

Ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya sai ranar. "Kowa ya duba kwalbarsa!"

Falo ya hargitse. Masu lemo suka miƙe hannu nesa da jiki kamar sun riƙe garwashi. Shugaban masu haya, wanda ya riga ya shanye nasa, ya dafe ciki ya tambayi liman ko akwai abin da ake karantawa. Wata mata ta hau kujera. Aka samu na biyu a kwalbar Hanif, ya kai ta tankin da hannu biyu yana tafiya a hankali. Maimunat da Mariya suka jawo bahon tsakiyar falo. Uku suna ƙarƙashin duwatsunsu, ba su ma san an yi taro ba. Na shida aka daɗe ana nema, sai aka gan shi ya hauro bangon bahon ya kusa baki, da alama ya gaji da Abuja.

Maimunat ta mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, da gansakukarsu. Madam Christina, ɗankwali a karkace, ta tsaya tana ƙirgawa da bakin biro.

"Ɗaya, biyu... shida. Sun cika." Ta dubi Malam Nazeer. "Wa ya cire duwatsun?"

"Ranki ya daɗe, wani tsari ne na..."

"Wa ya cire?"

"Ni ne."

Ta juya ga Maimunat. "Madam, Allah ya ba ki haƙuri." Ta ɗauki sambusa biyu daga cinyar liman ta fita. Murtala ya bi ta har mota.

Malam Nazeer ya tsamo hularsa ya matse. Kafin baƙi su gama sauka ya dawo hayyacinsa. "Kun dai gani da idonku. Kifin da ya je da kansa ya gaida Darakta. Horo ne."

Litinin da safe ya shiga ofis da hoton a cikin ambulan. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Kowane zane na bayan kifin ya fito, har ɗigon ruwa a jikin kwalbar. A bayansa kuma ga bakin Madam Christina a buɗe, ana iya ƙirga haƙoranta. Ya sa almakashi ya rage ta gwargwadon iko, amma hancin ya ƙi fita. Ya liƙa a fayil ya aika.

Ƙarfe biyu fayil ɗin ya dawo. Ya kira Hanif da mai shara da masinja su zo su shaida, sannan ya buɗe ya karanta da ƙarfi.

"Na ziyarci gidan jami'in, na tantance da idona. Kifi shida, duk suna raye. Na gamsu cewa Malam Nazeer ya riga ya yi nisa a wannan fanni." Ya tsaya ya dubi Hanif. "Ka ji ko? Ya yi nisa." Ya ci gaba. "Saboda haka tura shi kwas ɗin 'yan koyo ɓarnar dukiyar gwamnati ce. A tura Malam Hanif."

Ya sake karantawa a zuci, leɓensa na motsi. Ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya. Babu.

Mai shara ta ce, "Oga, barka ko jaje?"

Ranar tafiya shi ya kai Hanif filin jirgi, tunda shi ke da mota. Maimunat da Mariya suna baya. Tun daga Jabi har Lugbe yana yi wa Hanif bitar abin da zai tarar a Malesiya, da yadda ake gaisawa, da irin abincin da zai guje wa. A bakin zauren tashi ya karɓe jakar Hanif ya wuce gaba yana gaya wa duk wanda suka haɗa ido, "Yarona ne, na tura shi ya ƙaro ilimi."

Wani jami'i ya sa hannu ya tare shi. "Oga, fasfo da tikiti?"

"Rakiya na yi."

"Matafiya kaɗai."

Hanif ya karɓi jakarsa, ya rungume shi, ya shige. Malam Nazeer ya tsaya a bakin ƙofar gilashin yana kallon bayansa har ya ɓace cikin layi. Ya daɗe a wurin. Wani mai tura kaya ya tsaya kusa da shi ya ce, "Oga, kai ba ka tafiya?"

"Ni?" Muryar ta dawo, har mutanen layi suka waiwayo. "Gwamnatin Tarayya ce ta rubuta, da sa hannu da tambari, cewa duk Malesiya babu abin da za su koya mini."

Maimunat ta matso ta gyara masa wuyan riga, ta bar hannunta a wurin ɗan lokaci.

"Haka ne, Abban Ikhlas," ta ce a hankali. "Zo mu tafi gida. Ka tare wa 'yan koyo hanya."